Yaya ake bambance ire-iren kifin severum ta launi da zanen jiki?

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'a. Ina neman a fitar da ni daga duhu. Akwai ƙananan severum, kifin adon nan, guda huɗu a tankina mai cin lita 240, yau makonsu uku a ciki, kowanne bai wuce santimita 6 ba. Biyu daga cikinsu kore ne da ya ɗan sirka da ruwan toka, suna da ratsi baƙi-baƙi a tsaye tun daga kai har wutsiya. Na uku rawaya ne fes, babu ratsi ko ɗaya. Na huɗu shi ma rawaya ne, amma da ɗigo-ɗigo ruwan goro a gefen cikinsa. An sayar mini da ɗaya daga cikin koren nan a matsayin rotkeil, kuɗinsa ma ya fi na sauran, amma har yau ban ga jan da ake faɗa ba. Wani abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne ratsin: da safe ya fito raɗau, da yamma ya dusashe kamar an goge.

Tambayoyina uku ne. Shin iri huɗu ne daban-daban a hannuna, ko iri ɗaya ne mai launi kala-kala? Ta yaya zan tabbatar da rotkeil ɗin? Kuma ratsin da ke zuwa yana tafiya, ciwo ne? Allah ya saka da alheri.

Baban Tanki ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a shiga launi, sai ka raba sunayen da ke yawo a kasuwa kashi uku, domin a nan ruɗanin yake farawa.

Akwai sunan jinsi na masana. Duk severum 'yan gida ɗaya ne da ake kira Heros, daga Kudancin Amurka, a kogunan Amazon da Orinoko da Rio Negro da na yankin Gayana. Wani masanin kifi ɗan Ostiriya, Johann Jakob Heckel, shi ya raɗa wa gidan suna a 1840. Jinsunan da aka fi amincewa da su a yau biyar ne: Heros severus, Heros efasciatus, Heros spurius, Heros notatus, sai Heros liberifer da aka bayyana a 2015. Akwai kuma sunan wuri ko sunan wucin gadi, wanda ake laƙaba wa kifin da aka kamo a wani kogi alhali masana ba su gama yanke hukunci a kansa ba: rotkeil, Inirida, Santarem da makamantansu. Sai na uku, sunan gona, wato launin da masu kiwo suka fitar da hannunsu ta hanyar zaɓen iyaye: gold, red spotted, super red. Babu kogin da za ka jefa taru ka kamo garken waɗannan.

To rawayan nan naka guda biyu 'yan kashi na uku ne. Gold dai koren severum ne da ya rasa yawancin baƙin sinadarin fata, sai rawayan da ke ƙarƙashi ya bayyana. Shi ya sa ba ka ganin ratsi a jikinsa: tawadar da za ta zana ratsin ce babu. In ka ƙura ido a haske mai kyau, wani lokaci za ka hango inuwar ratsin fari-fari kusa da wutsiya. Kuma ba zabiya ba ne, duba tsakiyar idonsa za ka ga baƙi ne, kewayen ne ke ja ko ruwan goro. Mai ɗigo-ɗigon kuwa shi ne red spotted, wanda aka tato daga gold ɗin ta hanyar haɗa masu yawan ɗigo da junansu zuriya bayan zuriya. Idan ɗigon ya yi yawa har ya kusa rufe rawayan, sai 'yan kasuwa su kira shi super red. Babu wata iyaka da aka shata tsakanin biyun, mai sayarwa ne ke yanke wa kansa. A santimita 6 ɗigon yakan kasance ruwan goro mai haske, sai ya kai 10 zuwa 12 yake nuna ya yi ja sosai, kuma yana bin layin ɓawon jiki ne, ɗigo ɗaya a kan kowane ɓawo.

Koren biyu kuwa, mafi rinjayen zato efasciatus ne na gona, domin shi ne ya cika shagunan duniya, ko da an rubuta severus a jikin gilashin. Shekaru da yawa littattafan kiwo suna kiran kowane koren severum da Heros severus, sunan ya bi baki ya zauna, alhali severus na ainihi ba kasafai yake shigowa kasuwa ba.

Batun ratsi, kwantar da hankalinka. Kowane ƙaramin severum da ba gold ba yana da ratsi a tsaye guda takwas ko tara, ya danganta da ko ka ƙirga wanda ya ratsa ido da wanda ke gindin wutsiya. Sutura ce ta ɓuya a cikin saiwoyi da rassan da suka faɗa ruwa. A efasciatus, yayin da kifin ke girma ratsin gaba suna dusashewa, sai guda ɗaya mai kauri ya rage a baya, wanda ya taso daga ƙarshen fiffiken gadon baya ya sauka zuwa fiffiken ƙasa, sau da yawa da baƙin tabo a kowane ƙarshensa. Sunan efasciatus ma ma'anarsa "marar ratsi". Amma ratsin ba su mutu ba, suna nan kwance. Kifin yana iya fito da su cikin daƙiƙa kaɗan in ya tsorata, in wani ya fi ƙarfinsa, in an kunna fitila kwatsam bayan duhun dare, ko in yana gadin ƙwai. Abin da kake gani da safe ke nan. Inda za ka damu shi ne in ratsin ya zauna baƙi ƙirin yini guda, kifin ya maƙale a lungu, ya tsuke fikafikansa, ya ƙi abinci. Wannan ko dai ana cin zalinsa ne, ko ruwan ya lalace.

Maganar gaskiya ita ce a santimita 6 babu wanda zai rantse maka a kan koren severum. Duk 'yan gidan kamarsu ɗaya a wannan girman.

Hajiyar Kifin Ado ta rubuta:

Baban Tanki ya share fage, bari in ɗora a kan na kogi, tunda tambayar rotkeil ce ta fi damun ɗan'uwanmu.

Kalmar Jamusanci ce: rot ja, keil kuma weji, irin wanda ake tsaga itace da shi. Siffar jan ke nan. Yana farawa daga ƙeya, ya sauko ta bayan marfin kunne, wato inda kifin ke numfashi, ya bi kafaɗa zuwa ƙirji, faɗi a sama ko a tsakiya, yana tsukewa. Ja ne shimfiɗaɗɗe kamar an shafa da buroshi, ba ɗigo-ɗigo ba. Sauran jikin kore ne mai duhu da ke walƙiyar shuɗi, fikafikan ciki da na ƙasa kuma ja ko ruwan goro. Asalinsa Peru ne, yankin Iquitos, ana yawan ambaton kogin Nanay. Har yanzu ba shi da sunan kimiyya nasa na kansa, da yawa suna ɗaukarsa wani reshe ne na efasciatus.

Jan ba ya fitowa da wuri. Yawanci sai kifin ya kai santimita 8 zuwa 10 za ka fara ganin wani ɗumi-ɗumin ruwan goro a bayan marfin kunne, kamar tsatsa, daga nan yana ƙaruwa har ya cika bayan shekara ko fiye. Saboda haka rashin ja a yanzu bai ƙaryata mai shago ba, bai kuma gaskata shi ba. Ga tarkon da mutane ke faɗawa: koren severum na gama-gari shi ma yana yin ja a fikafikan ƙasa, wani har ƙirjinsa ya ɗan yi ruwan goro. Wannan ba rotkeil ba ne. Ka dubi sama da layin ido, a ƙeya da kafaɗa. In kifin ya kai santimita 12 cikin ƙoshin lafiya wurin nan yana nan kore, to kore ka saya.

Notatus shi ya fi sauƙin ganewa in ya girma. Jikinsa kore ne mai rawaya-rawaya, kuma ɓawon gefensa kowanne da ɗigo baƙi ko ruwan makuba, har kifin ya zama rodi-rodi kamar zabuwa. Abin lura shi ne fuska: a notatus ɗigo ne zagayayyu a kumatu da marfin kunne, a namijin efasciatus kuwa layuka ne masu lanƙwasa suna shiga juna, kamar zanen lalle. Ɗigo ko layi, wannan tambayar kaɗai tana raba su a mafi yawan lokuta. Wanda ke shigowa kasuwa da wannan suna galibi daga Gayana ne, kogin Essequibo.

Liberifer kuma ɗigonsa ja ne, ƙanana ƙwarai, jere a layi-layi a kwance, a rabin jiki na ƙasa. Kewayen idonsa ja jawur, leɓensa sirara, da tabo bayyananne a gindin wutsiya. Daga yankin Orinoko yake, a kudancin Benezuwela. Kada a rikita shi da red spotted na gona don an ji "jan ɗigo": shi na gona rawaya ne marar ratsi, liberifer kuwa jikinsa kore ne zuwa ruwan ƙasa, ratsinsa na nan. Babbar shaidarsa ma ba a launi take ba, a reno take. Sauran severum suna zuba ƙwai a kan dutse ko itace, su yi gadi, in an ƙyanƙyashe su kwashe 'ya'yan zuwa wani ɗan rami. Liberifer yana zuba ƙwai a kan dutse kamar kowa, amma da zarar sun ƙyanƙyashe sai iyayen su kwashe su cikin baki su ci gaba da reno a can. Wolfgang Staeck da Ingo Schindler, waɗanda suka bayyana shi, daga wannan hali suka ciro sunan: mai ɗaukar 'ya'ya. Duk wanda ya san karfasa ta kiwo ya san irin wannan, don ita ma 'yar babban dangin cichlid ce, sai dai karfasa uwa ce ke kwashe ƙwan tun ɗanye, shi kuwa sai bayan ƙyanƙyasa. Kafin 2015 wannan kifin ne ake ta kira severus na gaskiya, don haka duk tsohon rubutun da ya ce severus yana reno a baki, liberifer yake nufi.

Shi severus na ainihi, daga saman Rio Negro da Orinoko, yana riƙe ratsinsa har girma, masu kauri, shi ya sa wasu ke masa laƙabi da damisa. Leɓensa ya fi kauri, akwai ja a ƙirji da ƙasan kafaɗa, kuma ɗaya daga cikin ratsin baya yakan tsaya a rabi bai kai sama ba. Wannan guntun ratsin shi ake fara nema a hoto.

Wanda ake kira turquoise, mai shuɗi-shuɗin nan na Peru, za ka gan shi da sunan Heros appendiculatus a wasu wurare. Masana da dama sun mayar da sunan ƙarƙashin efasciatus. Spurius na kogin Guapore ne, a iyakar Brazil da Bolibiya, da wuya ka ci karo da shi a shago.

Shawarata ga mai son irin kogi: kada ya sayi ƙarami sai ya ga iyayen, ko hotonsu a tankin mai kiwon, ko kuma ya biya kuɗin wanda ya riga ya nuna.

Masunci ya rubuta:

Duk abin da aka faɗa a sama yana aiki ne in kifin yana sanye da launinsa na gaskiya. Sau da yawa ba ya sanye da shi, kuma laifin na tanki ne.

Fara da fitila. Shaguna da yawa suna sa fitila mai ja da shuɗi don kaya su yi kyau, a ƙarƙashinta gold na gama-gari sai ya koma kamar super red. Ka duba kifi a farin haske ko hasken rana da ba ya dukan gilashin kai tsaye. In za ka ɗauki hoto don a taya ka dubawa, kashe filashin waya da duk wani abin ƙawata hoto, kashe fitilar ɗaki ka bar ta tanki kaɗai, goge gilashi, ka jira kifin ya juya gefe sosai. Hoto uku ake bukata: gefe gaba ɗaya da fikafikai a buɗe, fuska daga kusa, da gindin wutsiya. Ka ɗauka kamar awa biyu bayan kunna fitila, ba lokacin da aka gama canjin ruwa ba. Kuma kada ka kamo shi da raga ka sa a roba don hoto, cikin minti ɗaya zai koɗe ko ya yi baƙi, hoton ba zai gaya wa kowa komai ba.

Sai ƙasan tanki da bango. Kifin yana daidaita duhunsa da inda yake zaune. A kan farin yashi da bango fari, kore yakan koɗe ya zama ruwan toka, jan rotkeil ya yi fari-fari. A kan baƙin tsakuwa da baƙin bango kuma yakan yi duhu har zanen fuska ya ɓace a ciki. Yashi ruwan ƙasa, da itace da 'yan wuraren fakewa, shi ya fi fito da launi daidai. Shuke-shuke masu laushi kada ka wahalar da kanka, cinye su za su yi.

Ruwa: zafi digiri 25 zuwa 28, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 6 da 7.5 ya ishi na gona, na kogi sun fi son pH ƙasa-ƙasa da ruwa marar gishirin ƙasa da yawa. Cikin sinadaran da kashin kifi ke tarawa a ruwa, amoniya da naitirait su zama sifili, naitiret kuma kada ya wuce miligiram 20 zuwa 30 a lita. Canza kashi 30 cikin ɗari kowane mako, da ruwan da zafinsa ya yi daidai da na tanki, in na famfo ne a sa maganin kulorin. In naitiret ya taru wata da watanni, launi yana dusashewa, daga baya ƙananan ramuka su fara fitowa a goshi da kewayen ido. Masu sabon kiwo sukan ɗauka zanen fuska ne ke fitowa. Zane a kan fata yake, sumul. Rami kuwa ya lotsa ciki, farare ne, kuma ciwo ne da ke bukatar gyaran ruwa da abinci nan take. Ga masu kiwo a ƙasashenmu, hunturu ma abin lura ne: ruwan tanki yana iya sauka ƙasa da digiri 22 da asuba, kifin ya yi duhu ya lafe, wani lokaci farin ɗigo kamar barbaɗin gishiri ya biyo baya. Shi ma wannan ɗigon ciwo ne, ba ado ba. Hita mai kimanin wat ɗaya ga kowace lita, da ma'aunin zafi a ɗaya gefen tankin, su ne maganin abin. Inda wuta ba ta tsayawa, a lulluɓe tankin da bargo da dare.

Abinci yana da hannu a ja da ruwan goro, domin kifi ba ya ƙera wannan launin a jikinsa, daga abinci yake samu. Ƙwayar abincin cichlid mai kyau wadda ke da jatan lande ko spirulina, wani irin gansakukan ruwa, a ciki, sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Sau biyu ko uku a mako a ba su ganye: latas, alayyafo da aka ɗan tsoma a ruwan zafi, ko koren wake da aka dafa aka ɓare. Amma abinci yana ƙarfafa jan da ke cikin jini ne kawai. Ko buhu guda ka ba koren severum, ba zai tsiro da kafaɗar rotkeil ba.

Abu na ƙarshe, in ka ga 'yan santimita 3 ko 4 sun yi ja jawur, dukansu iri ɗaya kamar an tsoma su a rini, ka yi hattara. Wasu gonaki suna ba ƙanana sinadarin da ke fito da launin manya kafin lokaci. Bayan 'yan makonni a gidanka launin zai zube, kuma abin yana iya taɓa lafiyarsu da haihuwarsu.

Tankinka mai lita 240 ya isa yanzu. Severum yana kai santimita 20 zuwa 25, yana kuma iya shekara goma, don haka manya huɗu za su bukaci lita 400 zuwa sama, mai tsawon santimita 150. A matsattsen wuri ɗaya ne zai yi launi, sauran ukun su zauna cikin ratsin tsoro.

Sabon Shiga ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na sake dubawa a farin haske: ɗaya daga cikin koren idonsa ya fi ja, kuma akwai wasu 'yan layuka shuɗi-shuɗi da suka fara fitowa a ƙasan idon. Hajiya, wannan jan idon ba zai sa ya zama liberifer ba? Sannan ta yaya zan gane mace da namiji? In kore ya haɗu da gold, wane launi 'ya'yan za su yi?

Hajiyar Kifin Ado ta rubuta:

A'a, ɗan'uwa, jan ido shi kaɗai ba hujja ba ne. Efasciatus da yawa idonsu ja ne ko ruwan goro, gold ma haka, kuma jan yana ƙaruwa ko raguwa da yanayin kifin. Jan idon liberifer an kawo shi ne don raba shi da severus da suke zaune ruwa ɗaya, ba don raba shi da kowa ba. Sai ka ga jerin jan ɗigo a ƙasan jiki da tabon wutsiya sun haɗu da shi kafin ka fara zato, reno a baki kuma shi ke rufe magana.

Layukan da ka gani a ƙasan ido sun fi nuna cewa namiji ne ke tasowa. A efasciatus da rotkeil da gold, namiji yana da wannan zanen lalle a kan hanci, tsakanin ido da baki, da kumatu har marfin kunne: shuɗi da ruwan makuba a kore, ja ko ruwan goro a gold. Mace fuskarta wankakkiya ce, musamman tsakanin idanu zuwa leɓe, ko da tana da 'yan ɗigo a marfin kunne. Namiji ya fi yawan ɗigo a gefen jiki, ya fi girma, ƙarshen fiffiken bayansa da na ƙasa suna yin tsini su miƙe har su kusa kamo ƙarshen wutsiya. Amma kada ka dogara da tsinin fiffike kaɗai, abokan zama suna gutsure shi, tsohuwar mace kuma tana iya yin nata. Ka bari su kai santimita 10 kafin ka yanke.

A red spotted da super red wannan ƙa'idar tana rauni, domin an tara musu ja har mata ma suna fitowa da zane a fuska. A nan sai a koma ga al'aura, ɗan bututun da ke leƙowa gaban fiffiken ƙasa kwana ɗaya ko biyu kafin zuba ƙwai: na mace kauri ne da dakusasshen baki, na namiji siriri mai tsini. Ka kuma sani mata biyu suna iya haɗa kai su share dutse su zuba ƙwai kamar miji da mata. In ƙwan duka suka yi fari cikin kwana biyu, sau biyu sau uku a jere, ka binciki wannan. Ƙwai mai rai ruwan zuma ne, yana ƙyanƙyashewa cikin kimanin kwana uku a digiri 27.

Baban Tanki ya rubuta:

Lissafin gold da kore ba shi da wuya, domin launin gold mai ɓuya ne, sai ɗa ya gado shi ta uwa da uba sannan ya bayyana. Gold da gold, 'ya'ya duka gold. Gold da koren da babu gold a jininsa, 'ya'ya duka kore, amma kowanne yana ɗauke da gold a ɓoye. Irin waɗannan masu ɗauke da shi in suka haɗu da juna, kimanin ɗaya cikin huɗu zai fito gold. In ɗayansu ya haɗu da gold, kimanin rabi. Tunda koren gona da yawa sun riga sun gauraya da gold a baya, kada ka yi mamaki in kore biyu suka haifa maka rawaya. Ana fara gane su tun suna kamar santimita ɗaya, masu haske daban, masu ratsi daban.

Ɗigon ja na red spotted ba ya bin wannan lissafin kai tsaye. A ciki ɗaya za ka samu mai ɗigo da yawa, da mai kaɗan, da wanda kusan gold ne zalla, shi ya sa masu kiwo ke tacewa a kowace zuriya.

Inda nake roƙon a kiyaye shi ne haɗa na kogi da na gona. 'Yan gidan Heros suna barbarar juna ba tare da wata wahala ba. Rotkeil da gold, ko notatus da kore, za su ba ka 'ya'ya ruwa biyu masu ɗan ja a kafaɗa ko 'yan ɗigo a kumatu, waɗanda ba su cika siffar kowa ba, kuma irinsu ne ke sa tambaya kamar taka ta gagara amsawa. In hakan ta faru a tankinka, ka faɗa wa duk wanda za ka ba cewa gauraye ne, kada a raɗa musu sunan kogi. Kada kuma a zuba ragowar a rafi ko dam, kifin wata nahiya ne.

Game da naka, Malam, ga abin yi: ka ɗauki hotuna ukun da Masunci ya faɗa yau, ka auna tsawon kowanne ta jikin gilashi da rula, ka maimaita duk wata a haske ɗaya da lokaci ɗaya. Wajen wata huɗu zuwa shida, in abinci da ruwa sun yi daidai, koren za su haura santimita 10. A lokacin ka dubi ƙeya da kafaɗar wanda aka ce rotkeil ne, ka kwatanta da ɗan'uwansa, ka sako mana hotunan a nan.